Bunsurun da Ya Ƙi Faɗuwa

A ƙauyenmu na Ak-Moinok, in ka ji murya a bakin kanti tana auna nisan duwatsu da mita, ba sai ka waiwaya ba, Sharshenbek ne. Bindiga ɗaya gare shi, wadda ya gada wurin kawunsa, amma labaran harbinsa sun fi harsasan da ya taɓa saya yawa. Ya harbi kyarkeci a ido daga mita dubu. Ya harbi mikiya tana cikin hamma. In ka tambayi inda fatar kyarkecin take, sai ya ce ai harsashin ne ya wuce da ita.

To, ɗansa Ermek ya auro yarinya daga Kochkor, kuma danginta suka aiko cewa ranar Asabar za su zo ganin gidan da 'yarsu take, su wajen talatin. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Surukai in sun tashi daga kan tabarmar cin abincinka ba maiƙo a hannunsu, har jikokinka sai an yi musu gori. Shi ya sa matarsa Burulkan ta ɗaure raguna uku tun bazara, tana ba su sha'ir da hannunta har suka daina iya juya wuya.

Sharshenbek ya dubi ragunan ya taɓe baki. Ya ce rago kowane matsiyaci yana yanka wa baƙo. Shi bunsurun dutse zai ajiye wa surukai, wanda aka harbo daga mita ɗari takwas, yadda za su koma Kochkor suna ba da labari har tsufansu. Abu ɗaya kawai ya rage masa, madubin da ake ɗaura wa bindiga don hangen nesa. Ranar Litinin ya loda ragunan a motar maƙwabcinsa Toktosun, ya ce wa Burulkan zai kai su Narin a duba musu haƙora.

Kafin azahar ragunan sun zama takardu a aljihunsa, shi kuma yana tsaye a shagon wani Ilyaz mai sayar da kayan farauta. Madubai hawa uku ne a shagon. Na can sama, kuɗin ɗaya zai sayi mota, sai Sharshenbek ya ce su na masu raunin ido ne. Na ƙasa kuwa, ya ce ko gwangwani ba zai wulaƙanta da su ba. Saura guda biyu a tsakiya, kuɗinsu kusan ɗaya, kuma a nan tsiyar ta fara.

Ɗaya dogo ne kamar bututun murhu, yana jawo abu kusa sau ashirin da huɗu. Ɗayan gajere ne, sau goma kawai yake jawowa, amma gilashinsa garau. Sharshenbek ya leƙa titi ta cikin gajeren, ya ga kasuwa fes, har da mai gyaran takalmi yana zagin wani. Ya leƙa ta dogon, bai ga komai ba sai wani tudu ja mai gashi uku. Da ya ɗauke ido ya duba, ashe ƙurji ne a ƙeyar wani direba can tsallaken titi. Abin ya burge shi ƙwarai.

Ilyaz ya tambaye shi daga nisan nawa ya saba harbi.

"Inda idon mutane ya gaza, nan nake farawa," in ji Sharshenbek.

"To yaya, ɗauki gajeren. Sauran kuɗin ka sayi harsasai ka yi ta gwaji. Dogon nan in hannunka ya motsa kaɗan, dutsen ma nemansa za ka yi."

Wannan magana ta ɓata masa rai, domin a ganinsa an ce hannunsa yana rawa ke nan. Ya ajiye gajeren. Amma kuma da ya ɗauki dogon sai ya ji kamar gajeren yana kallonsa. Ya kai su wurin wata mai sayar da busasshen cuku a ƙofar shago ta auna masa su a sikeli. Ya shinshina kowanne. Ya ƙwanƙwasa su da farce ya kara a kunne. Ya ciro ƙashin idon sawun tunkiya daga aljihu, irin na caca, ya ce in ya faɗi ta ciki dogon ne, in ta baya gajeren, ya wurga, ƙashin ya gangara ya faɗa kwata. Toktosun, da ya gaji da jira a mota, ya shigo ya ce shi ko matarsa bai daɗe haka wurin zaɓenta ba. Sharshenbek ya ce ai an gani a jikinsa.

Da Ilyaz ya fara jawo ƙofa zai rufe, Sharshenbek ya yanke hukuncin da ya ce na manyan maharba ne. Ya sayi duka biyun. Abin da ya rage ya isa harsashi goma sha biyu da alawa ɗaya ta ba Burulkan haƙuri.

Burulkan ba ta yi ihu ba, kuma wannan ya fi tsoratar da shi. Ta dubi madubai biyu a kan tebur, ta dubi turken raguna ta taga, ta tambaye shi wanne za a dafa, wanne za a gasa. Ya fara yi mata bayanin gilashi da nisa da iska.

"Baban Ermek," ta ce, "mutum talatin ne. Ranar Asabar in rana ta karkata zan ɗora nama a gaban surukaina. Ban san na mene ne ba, amma zan ɗora."

Ya ce ta wanke babbar tukunya kawai, ta bar wa maza aikin maza.

Washegari tsoho Mamirbai ya zo gani. Shi ne maharbin gaske a kwarinmu, mutum marar yawan magana, wanda bai taɓa cewa ya harbi komai ba, sai dai ka ga hayaƙi mai ƙamshi yana tashi daga gidansa. Ya juya madubai a hannu, ya ce duka biyun ba su da laifi, amma madubi sai an daidaita shi da bindiga. A kafa takarda a taki ɗari, a harba, a murɗa 'yan kunnuwan nan na sama da na gefe, a sake harbawa, har inda ido ya nuna ya zama nan harsashi ke zuwa. Zai ci harsashi goma.

Sharshenbek ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce takarda ba ta yi masa laifin komai ba. Ya ce kuma baba ya yi haƙuri, zamaninsu na lalube ya wuce, kayan yanzu daga masana'anta suke fitowa da ilminsu.

"Haka ne, ɗana," in ji Mamirbai, ya shanye shayinsa.

Kafin Alhamis labari ya gama ƙauye. Al'adarmu ce, duk wanda ya tare maharbi ɗauke da nama ya ce masa shiralga, to dole a yanka masa rabonsa, ko maƙiyi ne. Mutane suka ga ba dalilin jira sai an harbo, suka fara yi masa shiralga tun a bakin kanti. Shi kuwa yana rabawa hannu sake. Ya ba liman cinya, ya ba shugaban makaranta cinya, ya ba matar Toktosun cinya. Da aka ƙirga, bunsurun yana da cinyoyi bakwai da hanta uku, ban da na surukai talatin.

A ranar ce ya yarda zai yi harbi ɗaya a bayan gari, ba don gwaji ba, don jama'a su buɗe ido. Ya ɗaura dogon. Mamirbai ya ce ya ja fuskarsa baya kamar faɗin tafin hannu. Sharshenbek ya ce abin da ka sayar da rago ka saya ba ka kallonsa daga nesa, ya manna idonsa na dama a jikin ƙarfen, ya auna wani tsohon bokiti, ya ja kunama. Bindiga ta yi baya, madubi ya sumbace shi a gira. Bokitin yana nan lafiya. Can gefen hagu, nesa, igiyar shanyar matar liman ta tsinke, kayan liman na ciki suka zube a gaban jama'a.

Ya tashi da jini a fuska ya ce yanzu ya gane, dogon yana da zafin rai, gajeren ne na ƙwarai. Ya sauya nan take. Da yake idon dama ya rufe, sai ya manna na hagu. Ba sai na faɗa muku sauran ba. Toktosun ya ce ko ba komai yanzu fuskar ta daidaita, saura bindigar.

Ranar Juma'a bai fita ba. Yana kwance da ɗanyen dankali a kan idanu, yana gaya wa duk wanda ya zo dubiya cewa da gangan ya jinkirta, don surukai su ci nama sabo.

Asabar da sassafe ya ɗaura wa dokinsa Karager sirdi. A nan dole in faɗi gaskiya, duk surutun Sharshenbek, akwai abu ɗaya da yake so tsakani da Allah, wannan dokin. A hannunsa aka haife shi cikin wani sanyi mai tsanani, ya shigar da shi ɗaki ya lulluɓe shi da rigarsa. Shekara takwas yana ba shi sukari daga aljihu, yana ba shi labaran harbi, kuma duk ƙauyen Karager ne kaɗai bai taɓa ce masa ƙarya yake ba. Ya hau, bindiga a baya da dogon madubi, gajeren a cikin riga, idanu kamar an tsaga kabewa da reza.

Da ya waiga sai ya ga ayari a bayansa. Masu cinyoyi ne, kowa da kwanonsa, wasu a kan jakuna, wasu a motar Toktosun. Mamirbai yana can ƙarshe a kan goɗiyarsa. Sharshenbek ya ce su yi nesa da shi, kada warinsu ya kori nama, sannan ya bar hanya ya kutsa cikin duwatsu don ya ɓace musu. Ya hau, ya gangara, ya zaga, ya sake zagawa, har shi kansa bai san gabas ba. Su kuwa suka bi hanyar mota a hankali suna hango hularsa tana ɓulla tana nutsewa.

Wajen hantsi ya fito kan wani tudu, ya leƙa ta dogon. Can tsallaken kwari, a kan wani dutse, ga ƙaho. Ya matsa kaɗan, ga gemu. Ya sake matsawa, ga kafaɗa mai faɗi. Madubin ba ya nuna abu gaba ɗaya, gunduwa-gunduwa yake bayarwa kamar mahauci, amma da ya harhaɗa a ransa sai ya ga bunsurun da bai taɓa ganin irinsa ba, tsaye ƙyam, ƙirji a waje, sai ka ce jiransa yake.

Ya sauka, ya manta bai ɗaure Karager ba, ya kwanta rub da ciki. Wannan karon ya ja fuska baya, har ya wuce kima. Ya harba. Karager, da bai taɓa jin ƙarar bindigar nan kusa da kunnensa ba duk da labaran da aka ba shi, ya yi tsalle ɗaya ya kama hanyar gida. Sharshenbek bai ko waiwaya ba, domin bunsurun bai motsa ba.

Ya ce kurma ne, tsofaffin bunsurai haka suke. Ya murɗa kunnen sama ƙas-ƙas-ƙas yadda ransa ya ba shi, ya sake harbawa. Ƙura ta tashi can saman dutse. Ya murɗa baya, ƙura ta tashi a gindin kwari. Bunsuru ko gezau. A harbi na huɗu jama'a suka iso ta wata 'yar hanya, suka zauna a bayansa da kwanoninsu. Mamirbai ya kare ido da hannu ya dubi tsallake, ya dubi Toktosun, Toktosun ya cusa hularsa a baki. Matar Toktosun ta buɗe baki za ta yi magana, mijinta ya taka mata ƙafa.

"Baba, ka taɓa ganin mai taurin zuciya irin wannan?" in ji Sharshenbek cikin raɗa.

"Na san shi," in ji Mamirbai. "Tun kafin in yi aure yake tsayawa a nan. Ba ya gudu."

"Ka kasa shi ke nan."

"Ban taɓa gwadawa ba, ɗana."

Sharshenbek ya ce to yau ya gamu da gamonsa. Ya cire dogon ya ɗaura gajeren, ya harba huɗu, ya ce gajeren ƙarya yake yi masa. Ya mayar da dogon, ya harba ɗaya, ya ce dogon ya haɗa baki da iska. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya roƙi jama'a su daina numfashi da ƙarfi. A ƙarshe ya tuɓe ɗamararsa ya ɗaure gajeren a kan dogon, ya ce su sasanta tsakaninsu. Toktosun dai ya koma bayan wani dutse da wayarsa a kunne, ana jin yana ce wa Burulkan, a'a, lafiyarsa ƙalau, dokin ne kawai ya gaji da kallo.

Saura harsashi ɗaya. Sharshenbek ya leƙa ta sama, ya leƙa ta ƙasa, bai ga komai ba sai hawayen idonsa. Ya rufe idanun duka biyu, abin da bai yi masa wuya ba, ya yi bismilla ya ja. Allah da ikonsa, sai aka ji ƙwas daga tsallake, ƙaho ɗaya ya yi sama ya faɗo.

Ya zabura ya zare wuƙa, yana cewa a yi maza kafin ya mutu mushe. Ya gangara kwarin da gindi, ya tsallake rafi har gwiwa, ya hau ɗaya gefen da rarrafe, wuƙa a baki. Da ya ɗago kai a saman, abin da ya fara taɓawa kwalta ce. Hanyar mota ce, babbar hanyar da ya bi ranar Litinin da ragunan Burulkan. A gefenta, a kan dutse, ga bunsurun siminti da masu gyaran hanya suka kafa tun zamanin kakanni, wanda duk amaryar da aka ɗauko ta nan sai an tsaya an yi hoto da shi. A cinyarsa an rubuta sunayen masoya da fenti. Inda ƙahon ya karye, wani tsatsattsen ƙarfe ya leƙo.

Yana tsaye da wuƙa a hannu ɗaya, ƙahon siminti a ɗayan, sai ga wata doguwar mota ta tsaya. Mutane suka firfito cikin kayan biki suna miƙe ƙafa. A gabansu wani dattijo mai farin gemu da doguwar farar hula, Jumakadir, kakan amarya. Ya dubi wannan mutum mai laka har kunne da idanu biyu baƙaƙe, bai gane shi ba, ya yi masa sallama, ya tambaye shi ko nan ce hanyar Ak-Moinok, gidan Sharshenbek maharbi.

Sharshenbek ya sauya murya ya ce shi baƙo ne a nan. Daidai lokacin motar Toktosun ta zagayo kwana, cike da mutane da kwanoni.

"Babban dattijo, kun yi sa'a," in ji Toktosun. "Ga surukinku nan ya fito tarbarku da kansa. Yanzun nan ya kayar, ko hucewa bai yi ba."

Dattijo Jumakadir ya dubi bunsurun, ya dubi ƙahon, ya dubi bindiga mai madubi hawa biyu. Mutumin kirki ne, bai yi dariya ba, gemunsa ne kawai ya ɗan yi rawa. Ya miƙa hannu biyu ya ce, "Shiralga, maharbi."

Al'ada ba ta ce sai nama mai laushi ba. Sharshenbek ya miƙa masa ƙahon. Nan masu kwanoni suka yi layi, liman a gaba yana tambayar ko a kawo guduma don cinyarsa. Matan Kochkor suka juya baya kafaɗunsu suna girgiza, yaransu kuwa ba su san kara ba, suka kwanta a kwalta.

A motar surukai ya koma gida, a kujerar baya, bindiga tsakanin gwiwoyi. Kunyar hanya ba ta dame shi kamar abin da ke gaba ba. An shimfiɗa, an kawo shayi da burodi da man shanu da zuma, an sha, an sake sha. Shi dai yana zaune kusa da ƙofa yana kallon rana ta taga tana karkata. Ya san bayan shayi ruwan wanke hannu ne, bayan ruwan wanke hannu kuma ba abin da ke zuwa sai nama.

Aka zagaya da buta. Sai ƙofa ta buɗe, yayansa Orozobek ya shigo da akushi, bayansa Ermek da wani, bayansu Burulkan da na uku. Nama ne tuli, yana tururi, maiƙo rawaya yana gangarowa. Aka ɗauki salati da sa albarka. Sharshenbek ya ji ransa ya dawo. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce wa na kusa da shi ai shi dama bunsurun wasa ne ya shirya don baƙi su yi nishaɗi, mai gida na gaske ba ya nuna abin da ya tanada tun daga ƙofa.

Dattijo Jumakadir ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce ya ci abinci a gidajen surukai da yawa, an yanka masa raguna, an yanka masa maruƙa. Amma mutumin da zai yanka wa baƙi dokin hawansa, wanda ya raina da hannunsa, wannan ya ba da abin da ya fi nama. Ya ce 'yarsu ta faɗo gidan mutunci, kuma maganar ƙaho ta mutu a nan, ba mai kai ta Kochkor.

Sharshenbek ya juya a hankali ya dubi Burulkan. Tana durƙushe tana zuba romo a kofuna, ba ta ɗago ba.

"Shi kaɗai ya dawo, da hantsi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na jira ka har azahar, Baban Ermek. Yayanka ne ya yanka, bai sha wuya ba."

Dattijo ya yanki nama ya cika tafinsa, ya kira shi da ya matso, domin girmamawa ce babban dattijo ya ciyar da kai da hannunsa, kuma ba a ƙi. Sharshenbek ya rarrafa gabansa a kan gwiwoyi, mutum talatin suna kallo, ya karɓa. Hawaye suka taho ta tsagogin idanunsa suka gangara cikin gashin bakinsa. Wata tsohuwa daga Kochkor ta ce wa ta kusa da ita kumburin nan sai an sa masa magani, dubi yadda yake ruwa.

Ya tauna, ya daɗe yana taunawa, sannan ya haɗiye. Dattijo ya sake cika tafinsa.